Ikilisiyoyi bakwai, rumbu ɗaya: ta ina za a fara?

Sakataren Zumunci: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ga maganar da nake so mu duba a tsanake. Gari ne mai ikilisiyoyi bakwai: ECWA biyu, COCIN, Baptis, Angalika, Katolika, da ɗaya ta Fentikos. Duk shekara ana taron addu'a tare, a karanta Yohanna 17, a yi waƙa, a watse. Amma da Yuli ya kama, gwauraye da iyalan da rikici ya raba da gonakinsu sai su koma ci sau ɗaya a yini, kowace ikilisiya kuma tana fama da nata ita kaɗai. An kawo shawarar a kafa rumbun hatsi ɗaya na kowa da kowa, a tara da kaka, a fitar da damina. Kowa ya ce amin. Saura yadda za a yi. Masu sani, ku ba mu matakai.

Rabaran mai ritaya: Salama, ɗana. Kafin a auna tiya ɗaya, a yi abu biyu. Na farko ƙirga. Nehemiya bai tara jama'a ya ce mu tashi mu yi gini ba sai da ya fita da dare ya zaga garun, ya ga inda ya rushe da ƙofofin da wuta ta cinye. Bayan nan ne ya yi magana, ya raba aikin yanki yanki, sura ta 3 kaf sunayen mutane ne da inda kowa ya gyara. Shi ya sa aka gama cikin kwana 52. To, ku ma ku san gida nawa ne ke cikin buƙata, mutum nawa ne a kowane gida, wata nawa abincinsu ke yankewa.

Na biyu, a rubuta abin da aka taru a kai, a kuma rubuta abin da ba a taru a kai ba. Baftisma ta nutsarwa ko ta yayyafi, jibin Ubangiji, naɗin mata, magana da harsuna: waɗannan kowa ya bar su a majami'arsa. Iyayenmu da suka kafa TEKAN, tarayyar ikilisiyoyin Kristi a Najeriya, a 1955 sun fito daga mishan dabam dabam, akwai 'yan Luta, akwai 'Yan'uwa na Garkida, ba wanda aka ce ya bar koyarwarsa. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ma da ya game Arewa a shekarun 1960 haka ya tafi, aiki ɗaya sananne, kowa na riƙe da ɗarikarsa. Yarjejeniyar kada ta wuce shafi biyu, shugabannin bakwai ɗin su sa hannu, a karanta ta a kowace majami'a ranar Lahadi ɗaya.

Malamin Gona: Baba Rabaran ya ce a ƙirga, bari in ba da awon. Mutum ɗaya yana buƙatar kamar giram 400 na hatsi a yini. Gida mai mutum 6 kilo 72 ke nan a wata, kilo 216 daga Yuni zuwa Agusta. Rumbun ba zai iya ɗauke wa gida dukan cinsa ba, kuma bai kamata ba. A ɗauki rabi, wato buhu ɗaya mai kilo 100 ga gida ɗaya na wata uku. In gidaje 60 ne, buhu 60, a ƙara 6 saboda abin da zai zube ko ya lalace.

Ta ɓangaren tarawa: buhu tiya 40 ne. In ikilisiyoyin bakwai suna da gidaje 600 masu noma ko albashi, kowane gida ya kawo tiya 5, an sami tiya 3,000, buhu 75 ke nan. Amma a sayi sikeli tun ranar farko. Mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, wani ya auna da toliya, wani a shafe, ƙarshenta littafi ya ce buhu 75, sito ya ce 68, sai zargi ya tashi alhali ba wanda ya taɓa komai.

Mama Shugabar Zumuntar Mata: Sannunku da ƙoƙari. Maganar ƙirgar nan, kada a ce fasto ya yi sanarwa masu buƙata su ɗaga hannu ko su rubuta suna wurin sakatare. Wadda yunwa ta fi ci ita ce ba za ta ɗaga ba. Zumuntar Mata ce ke shiga gidaje, ita ta san wadda ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, da wadda ke aika yara gidan maƙwabta lokacin cin abinci. A sa mata biyu biyu su zaga, amma kada a haɗa 'yan ɗarika ɗaya, a haɗa ta ECWA da ta Katolika, ta Baptis da ta COCIN. Ta haka ba wadda za ta cusa 'yar'uwarta, kuma kafin a gama zagayen sun san juna.

Abin da za su duba: akwai mai nema a gidan ko babu, gona nawa aka shuka bana, yara nawa, akwai mara lafiya ko tsoho, akwai 'ya'ya a birni masu aike. Sunayen kuma su tsaya wurin kwamiti. Ba a karanta su a majami'a.

Matashi daga Fentikos: Iyayena, ku gafarce ni, amma ina jin tsoro. Ubangiji ya ba da wahayi, mu kuma mun fara da takarda da sikeli da kwamiti. Haka ake kashe wuta. Yaron da ya kawo gurasa biyar da kifi biyu bai jira yarjejeniya ba. Me zai hana a fara tarawa Lahadi mai zuwa, sauran Allah ya shirya?

Rabaran mai ritaya: Ɗana, zafin nan naka ana bukatarsa, kada ya huce. Amma koma ka karanta wurin. Yesu ya sa an zaunar da taron ƙungiya ƙungiya, ɗari ɗari da hamsin hamsin, da aka gama kuma aka tattara ragowar, aka san kwando 12 ne. Habakkuk an ce masa ya rubuta wahayin a fili yadda mai karatu zai karanta a guje. A Luka 14:28 Ubangiji da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Rubutu da lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Kuma ba wanda ya ce a jira shekara, duk abin da aka faɗa ana iya gama shi cikin mako uku.

Ma'ajiya: In ƙara a kan na Baba. Ikilisiyar farko ba koyarwa ce ta fara kawo mata gunaguni ba, rabon abinci ne. Ayyukan Manzanni 6: masu jin Helenanci sun ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a yi addu'a kawai ba, sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, su kuma suka janye hannu daga rabon. Don haka fastoci su zama iyayen aikin, su yi addu'a, su yi sulhu in an saɓa, amma kada fasto ya riƙe mabuɗi ko ya sa hannu a banki. Wannan kariya ce gare su. Mabukaci zai zo gidan fasto da dare yana kuka, in mabuɗi na hannunsa ba zai iya hanawa ba, gobe kuma a ce ya fifita nasa.

Tsarin da ke aiki: kwado uku a ƙofar sito, mabuɗai a hannun mutum uku daga ɗarikoki uku, ba a buɗewa sai dukansu na nan. Littafi biyu, ɗaya na hatsi, ɗaya na kuɗi, kuma wanda ke rubuta na hatsi ba shi ke rubuta na kuɗi ba. Rasit mai lamba, kwafi uku: na mai kawowa, na ikilisiyarsa, na kwamiti. A banki masu sa hannu uku, biyu dole kafin kuɗi ya fita. Duk wata uku mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba su shiga su ƙirga buhu da idonsu, a manna sakamakon a allon sanarwa na majami'u bakwai ɗin. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai ɗauka shi kaɗai ba, ikilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi. Yana cikin 2 Korintiyawa 8.

Katikis: Akwai inda rigima ke ɓuya, gara a fito da ita yanzu. A ce ikilisiya ɗaya ta kawo buhu 30, wata ƙarama ta kawo 4. Da aka zo rabo, ƙaramar ce ke da mabukata 20 domin 'yan gudun hijira can suka fi zuwa. Wani dattijo zai miƙe ya ce hatsinmu ne ake kai wa wasu. Me za a ce masa?

Ma'ajiya: Malam Katikis, amsar ita ce a rubuta tun kafin a san wa zai kawo nawa. Tarawa bisa yawan gidaje, rabo bisa buƙata, ƙuri'a kuma daidai: kowace ikilisiya wakilai biyu, namiji da mace, babba ce ko ƙarama. Da zarar buhu ya shiga sito sunan ikilisiya ya fita daga kansa, lamba kawai da ranar shiga za a rubuta.

Katikis: Na yarda da rabo bisa buƙata. Ƙuri'a daidai ce nake shakka. Babbar ikilisiya za ta ga an raina ta, shekara ta biyu ta ja baya, ita ce kuma ke ɗauke da kusan rabin kayan.

Rabaran mai ritaya: Shakkarka na da tushe. Abin da ake yi, a ba babbar shugabancin kwamiti a zangon farko, amma ma'aji da mai sito su fito daga ƙanana. Bayan shekara biyu kujera ta zaga. Kuma kada a sauya kwamiti duka lokaci ɗaya, rabi ya sauka, rabi ya tsaya ya koya wa sababbi. A kuma tuna cewa ana yi wa fastoci canjin wuri. In yarjejeniyar tsakanin fastoci ce kawai, ranar da sabo ya zo ya ce bai san da ita ba, ta mutu. Dole majalisar dattawan kowace ikilisiya ta amince, ta shiga littafin taronta, a kuma sanar da gunduma ko dayosis.

Ɗan'uwa daga Maradi: Gaisuwa daga Nijar. Irin wannan rumbu a nan ba baƙo ba ne, bankin cimaka ake ce masa, an kafa su da yawa a ƙauyuka tun bayan farin shekarun 1970 da 1980. Da yawa sun rufe, kuma dalilan ba su da yawa. Babba shi ne bashi. A ba mutum buhu da damina ya biya da kaka, kaka ta zo ba ta yi kyau ba, ba mai iya zuwa ya matsa wa maƙwabcinsa, shekara biyu jari ya narke. Na biyu, sayarwa ƙasa da kuɗin da aka saya, don tausayi, ba a lissafa kuɗin buhu da dako da gadi ba. Na uku, masu faɗa a ji su ɗiba da sunan za su mayar.

Shawarata a raba kayan gida biyu. Kashi ɗaya cikin uku kyauta ne ga waɗanda ba su da komai, ba a jiran ko sisi. Kashi biyu a sayar hannu da hannu a farashin kaka, a ɗora abin da aka kashe wajen ajiya kawai. A buhu 75, 25 kyauta, 50 sayarwa. Kuɗin a ajiye shi, da kaka a sake saye. A sa iyaka, tiya 5 ga gida a mako, da kati. In babu iyaka 'yan kasuwa za su turo yara su kwashe, ku ga hatsinku a kasuwa da tsada.

Sakataren Zumunci: To in aka ba da rance aka ce buhu ya dawo da ƙarin tiya 4 fa? Wasu sun kawo wannan, wai don rumbun ya girma.

Rabaran mai ritaya: A'a. Littafin Firistoci 25:35-37 ya ambaci abinci da sunansa, ya hana a ba ɗan'uwa matalauci don a ci riba. Abin da ya fusata Nehemiya a sura ta 5 ke nan, ana gina garu tare, manya kuma suna karɓe gonakin 'yan'uwansu saboda bashin hatsi. In ana so rumbu ya girma, ya girma da baikon masu hali a godiyar kaka.

Mama Shugabar Zumuntar Mata: Kuma bashi a ikilisiya yana da wata illa da ba ta cikin lissafi. Wadda ta kasa biya kunya za ta hana ta zuwa sujada, ta daina zuwa zumunta, in ta hango 'yar kwamiti ta sauya hanya. An ciyar da ita wata uku, an raba ta da jama'a.

Malamin Gona: Bari in shiga maganar ajiya, domin a nan ne buhu 75 ke komawa 50 ba tare da ɓarawo ba. Abokan gāba huɗu ne: laima, ƙwari, ɓera, gara.

Laima tukuna. Masara ba ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a sa gishiri busasshe cokali biyu ko uku, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. A kan tamfol ake shanya, ba a ƙasa ba, ba a gefen kwalta ba. Duk buhun da aka kawo a gwada shi a bakin ƙofa, ko na wane ne. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A nan sai an yi ƙarfin hali, domin wani zai kawo ragowar bara mai ƙwari a matsayin baiko. A karɓa da godiya in ana so, amma kada ta shiga sito. Dawa da gero sun fi masara jure ajiya, in ana da zaɓi a fi ba su ƙarfi.

Ƙwari kuwa, buhun PICS ne maganinsu, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Kafin a zuba a hura kowace leda a matse a ga ko tana da huda. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba, a bar wurin ɗauri kamar taƙi ɗaya, a matse iskar ta fita, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure. Kowace leda da ɗaurinta, buhun waje ma da nasa. Inda ake kuskure: ɗaure ukun tare, barin tsakuwa ko guntun totuwa ya huda leda, da buɗewa kullum don a leƙa. In ba ta huje ba ana iya sake amfani da ita kamar shekara uku.

Buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango. A jera kan katako, a bar rabin mita daga bango yadda mutum zai zaga, kada tsayi ya wuce buhu biyar. Ɗaki mai mita 4 da 5 ya ishi buhu 75. A toshe ramuka da siminti, a sa raga a taga, a share duk ƙwayar da ta zube, a duba kwano kafin ruwan farko. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita.

Matashi daga Fentikos: Malam, buhun nan da tsada. Ba za a iya sa ƙwayar da 'yan kasuwa ke sawa ba, ko a yayyafa Sniper?

Malamin Gona: Sniper ba ya kusantar abinci, ko kaɗan. Maganin da ke cikinsa, dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. Ƙwayar fostoksin kuma iskar guba take fitarwa, tana kashe mutum in ɗakin na jikin inda ake kwana, aikin wanda aka horar ne. Abincin marayu za ku ajiye, ku sayi buhun, wurin dillalin da aka sani, domin akwai jabu mai siririyar leda. Ga aikin matasa ma: gwajin gishiri, ɗauri, jeri, da rubuta lambar buhu. Ku karɓe shi gaba ɗaya.

Lauya: Abu biyu daga ɓangarena. Asusun banki kada ya kasance da sunan mutum, ko da na wata ɗaya ne. Hanya mai sauƙi ita ce rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha. Rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta fi ƙarfi amma ta fi tsada, sai an buga sanarwa a jaridu an jira kwana 28, a bar ta sai aikin ya kafu. Na biyu, ɗakin. In wata ikilisiya ce ta ba da ɗaki a harabarta, a rubuta cewa aro ne na shekara kaza, kayan ciki na ƙungiya ne. In gini za a yi, takardar fili ta fito da sunan ƙungiya kafin a sa bulo ɗaya.

Ɗan'uwa daga Maradi: A ƙara da wannan: farashi ba kullum yake hawa da damina ba. A Najeriya ma a 2025 masara ta faɗi, waɗanda suka ɓoye don riba sun ji jiki. In kasuwa ta sauko ƙasa da farashinku, ba mai saya a wurinku. Kwamiti ya sami izini a rubuce ya bi farashin kasuwa ya sayar kafin sabon hatsi ya shigo, giɓin a cike shi da baiko. Kada a riƙe kaya ana jiran tsada.

Katikis: Saura tambaya ɗaya da ba wanda ya taɓa. Maƙwabciya Musulma, mijinta ya rasu, yara biyar, gidanta na jikin majami'a. Tana ciki?

Sakataren Zumunci: Wasu za su ce namu ma bai ishe mu ba.

Rabaran mai ritaya: Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya. Akwai musamman, akwai kuma kowa, ba a ɗauki ɗaya a yar da ɗaya ba. Ni a ganina sayarwa a buɗe take ga duk mazaunin unguwa mai kati. A kason kyauta kuma a ware wani abu sananne, ko buhu 5 cikin 25, a nemi mai unguwa ya taimaka da sunaye. Sharaɗi ɗaya: ba a sa wa kowa dole ya zauna wa'azi kafin a auna masa. Haka tsakaninmu ma, ranar rabo ba ranar jan 'yan wata ikilisiya ba ce. Wanda ya yi haka a ja masa kunne a gaban kwamiti, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mama Shugabar Zumuntar Mata: Na goyi bayan Baba. Amma kason kyauta kada a ba da buhu guda lokaci ɗaya. Masu bin bashi za su ji, dangi za su ji, mako biyu ya ƙare. A riƙa ba da tiya 6 ko 7 duk mako biyu, mata su kai gida da yamma cikin kwano a rufe, ba layi a ƙofar sito ba, ba ɗaukar hoto. A haɗa da tiya ɗaya ta wake a wata, da ɗan kuɗin niƙa, domin akwai gidan da za a kai wa masara ta kwana uku ba a kai ta inji ba.

Malamin Gona: To a sa wake a lissafi: gida 25, tiya ɗaya a wata, wata uku, tiya 75, kusan buhu biyu ke nan. Shi ma PICS, don ya fi komai saurin huji. Buhunan kuma a saye su a Satumba, kafin kaka ta kama su yi wuya a kasuwa.

Ma'ajiya: Ɗan'uwa Sakatare, kuɗin buhuna da sikeli da katako da kwado uku ba zai jira godiyar kaka ba. A roƙi kowace ikilisiya baiko na musamman Lahadi ɗaya a Agusta, a kawo rasit ɗin sayayya a zaman kwamiti na farko.